Mai-Kilo na Tsohuwar Mangaza

Ranar da aka naɗa ni shugaban kwamitin kula da tsofaffin gine-gine, matata Dela ta tambaye ni ko muƙamin yana da mota. Na ce babu. Ta ce babur fa? Na ce shi ma babu. Ta ci gaba da tsintar wakenta, can ta ce, "To Allah shi sa yana da inuwa."

Inuwa kam akwai, ta icen dogon yaron da ke bayan meri, wato ofishin magajin gari, inda muke zama in taro ya kama.

Sunana Arzika, amma Mushe ake ce mini, kamar yadda ake kiran malamin boko a nan, saboda na yi shekara ashirin da ɗoriya ina koyar da yara a lakol. Ƙurar alli ta cinye mini murya, aka maido ni meri, na zama mutumin da ake tunawa da shi in an rasa wanda za a aika gaisuwar mutuwa. Da majalisa ta yanke shawarar a riƙa kula da gine-ginen tarihi, sai aka duba wanda ya fi kama da tarihi a cikin ma'aikata, ido ya faɗa kaina.

Gine-ginen da ake magana a kai guda ɗaya ne, tsohuwar mangazar gujiya, wato ɗakin ajiyar gyaɗa, da ke bakin gari, hanyar Kornaka. Da can daji ne wurin. Yanzu gari ya bi ta ya kewaye ta da gidajen bulo waɗanda masu su suka tare kafin su gama. An gina ta zamanin da gujiya ke kawo kuɗi, da ƙasa zalla, kaurin bangonta har mutum ya iya kwanciya a kai. Ko a tsakiyar bazara ka shiga, sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Babana na cikin samarin da suka kwaɓa ƙasarta. Ba zan ce ina kuka in na gan ta ba, amma ita kaɗai ta rage a wannan gefen gari da ta girme ni kuma take tsaye da ƙafarta, ni kuwa na kai shekarun da mutum ke son ya ga irin wannan kowace safiya.

Sai dai tsayuwar tata ta kusa ƙarewa. Awaki sun mai da ita gida. Yara sun mai da bangon gabas ragar ƙwallo. Duk mai ɗan gyara a gidansa sai ya zo da amalanke ya sassaƙi ƙasar bango, don tsohuwar ƙasar gini ba ta son dogon jiƙo. Azarar rufi kuma ana zare ta ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran tsoho.

Mu uku ne a kwamitin. Na ukun ya zo taron farko, ya tambaya ko akwai abin shan ruwa a ƙarshen zama, bai sake dawowa ba. Saura ni da Ɗangoggo, ɗan ƙanwar babana, taubashina, mai sayar da kayan babur kusa da tasha. An sa shi ne don yana da babur da zai riƙa kai ni.

"Gadi muke so," na ce masa. "An ce babu halin ɗaukar mai gadi bana."

"Baɗi fa?"

"An ce a tambaya baɗi."

Ya sosa gemu. "Kai matsalarka, Mushe, mutum kake nema. Mutum yana cin tuwo, yana barci, kuma yana da surukin da ke neman azara. Ka bar mini."

"Mi za ka yi?"

"Ba ruwanka. Kai dai in an tambaye ka, ka yi shiru ka dubi ƙasa. Ka iya ai, haka kake yi gaban Dela."

Ba a yi mako ba labarin ya iso ni ta bakin mai kawo mana ruwa. Wai Ɗangoggo ya tsaya kama ruwa a jikin bangon mangaza da tsakar rana, sai ya ji ƙarar ma'auni a ciki, da wata murya tana ƙirga buhuna da Faransanci. Ya leƙa, babu kowa. Sai muryar ta ce masa buhu ɗaya ya ɓace, ko shi ne? A mahauta ya fara ba da labarin, ya maimaita a teburin mai shayi, ƴan kabu-kabu suka ɗauka suka raba wa unguwanni kyauta. Kafin ya kai kasuwar Sabon Maci aljanin ya samu suna, Mai-Kilo, ya samu farar hula da takalmin fata. Kuma an san aikinsa: duk wanda ya ɗauki wani abu a mangazar, ko tafin ƙasa ne, zai bi shi gida ya auna shi. Wanda aka auna kuwa, sai ya yi ta ramewa har a cike abin da ya ɓace.

Mutane suka tambaye ni. Na yi shiru na dubi ƙasa.

Ban taɓa ganin aikin gwamnati da ya yi nasara da sauri haka ba. Yara suka ƙaura da ƙwallonsu. Masu awaki suka ɗaure awakinsu. Wata safiya na tarar da azara jere a bakin ƙofa, an maido. Wani ma ya maido ƙyauren ƙofa, na gwada shi ko'ina bai shiga ba, ba namu ba ne, amma na karɓa don kada in sa shi cikin damuwa. Damina biyu ta wuce babu wanda ya taɓa ginin. A taron majalisa aka yaba wa kwamiti, aka ce in tashi tsaye, na tashi, aka tafa. Na koma gida na faɗa wa Dela, ta ce to madalla, an gama tuwo.

A shekara ta uku wani puroje na masu ba da agaji ya yarda zai gyara mangazar, a mai da ita wurin koyar da mata ɗinki. Maginan garinmu suka ce duk hannunsu a cike yake, har wanda na tarar yana barci a kan benci. Dole aka ɗauko magina daga Maraɗi. Ya kamata abin ya tsaya mini a rai tun lokacin, amma ina cikin jin daɗin ana kirana a waya. Aka yi sabon yaɓe, aka gyara rufi, aka sa indararo, aka jera kekunan ɗinki sababbi a ciki, kowane da ledarsa.

Ranar buɗewa an kafa rumfa a waje, an yi jawabai, ni ma na yi nawa da ragowar muryata. Aka yanke ƙyalle. Aka ce mata su shiga su ga kekunansu. Matan suka dubi juna. Wata ta tuna ta bar tukunya a wuta, sai ga shi duk unguwar an bar tukwane a wuta. Baƙin da suka zo daga nesa suka shiga su kaɗai, suka yaba sanyin wurin, suka ɗauki hoto, suka tafi.

Kekunan suka yi wata da watanni cikin ledarsu. Daga baya aka kwashe su aka kai wani aji da ba kowa a lakol ɗin unguwa, inda kwano ke gasa mutum tun hantsi. Can matan suke ɗinki har yau, suna zufa, hankalinsu kwance.

Alhaji Saminu ne ya tada maganar a majalisa. Konseye ne, wato ɗan majalisar gari, ɗan kasuwa, kuma mutumin kirki, abin da ya sa gardama da shi ke da wuya. Ya ce gini mai kyau ne, ba ya musu, amma ginin ƙasa da ba a zaune ciki kowace shekara sai an yi masa yaɓe, ba kuwa wanda yake amfana. Matasan unguwar suna neman shaguna. Ya kawo shawara: in kaka ta yi ba a samu masu amfani da mangazar ba, a rushe ta a yanka filin. Aka amince. Da muka fito ya kama hannuna.

"Kada ka ji haushina, Mushe. Kai ma ka sani, kufai mai fenti kufai ne."

"Na sani, Alhaji."

"Ka samo mutane. Ko masu kitso ne, in dai za su shiga su zauna, ni zan fara sa hannu."

Na tafi shagon Ɗangoggo. Yana zaune yana cin gasasshiyar masara.

"Kai ka kawo Mai-Kilo, kai za ka kore shi," na ce. "Ka tahi mahauta ka ce ƙarya ka yi."

"In ce mi?"

"Ka ce kai ka ƙaga."

"Ni na ƙaga, ban musa ba." Ya juya masarar. "To amma wanda ya auna ɗan Kalla fa? Yaron nan ya ɗebo ƙasa a can, ka ga yadda ya koma."

"Zazzaɓi ya yi. An kai shi likita an ba shi magani."

"E, bayan an maida ƙasar."

Na dube shi. "Ɗangoggo, kai ma tsoro kake ji?"

"Ba tsoro ba. Amma ka san abin nan, in ka yi ta kiran suna a wuri, wani yana iya amsawa. Ni na buɗe shago ne kawai, ban san wa ya tare ba."

"Kunya ba ta kama ka?"

"Kai ka yi boko, kai ya kamata ta kama. Ni cewa na yi ka dubi ƙasa, ban ce ka kwana kana dubanta ba."

Na fara bi da kaina. Na je majalisar dattawan unguwa bayan la'asar, na yi musu bayani dalla-dalla, yadda nake yi wa ƴan aji shida. Suka saurara da ladabi. Da na gama wani tsoho ya ce, "Allah shi yi albarka, Mushe. Ai ku dama ba ku yarda da komi ba sai an rubuta a allo." Wani ya ce ba laifina ba ne, aiki ne, an sa ni in faɗa.

Na ɗauko malamai su yi sauka. Na yi tunanin in ba a yarda babu shi ba, a yarda an kore shi. Suka zo, suka dubi ƙofar, babbansu ya ce karatu ya fi albarka a sarari, aka shimfiɗa tabarmi a waje. Aka yi karatu mai kyau, aka raba goro da masa. Kashegari gari ya samu hujja: da ba komi a ciki, ai meri ba za ta kira malamai ba.

Dabara ta ƙarshe da ta rage mini ita ce jikina. Na ɗauki teburi da kujera na kai cikin mangazar, na ce nan ne buro ɗina, wato ofishina, daga yau. Kullum da hantsi in tako a ƙasa, don Ɗangoggo ya ce baburinsa ba ya son yashin wannan hanyar. In zauna a buɗe ƙofa, inda duk mai wucewa zai gan ni, musamman da tsakar rana, lokacin da aka ce Mai-Kilo yana aiki. Ba abin da nake yi. Ina sauraron rediyo, ina korar ƙadangaru, wani lokaci in yi gyangyaɗi. Abincin rana ya gagara, don babu yaron da zai yarda ya kawo mini kwano. Ga tafiya cikin rana, ga yunwa. Wandona ya fara zamewa.

Ba sai na faɗa muku abin da gari ya gani ba.

Masu gaishe ni suka koma gaisuwa daga nesa, da murya mai taushi, irin wadda ake yi wa mai jinya. Wata tsohuwa ta tsaya a bakin hanya ta ce in na samu hali in tambayar mata Mai-Kilo, akuyarta da ta ɓace ko ya gani. Dela ta ajiye garwashi a zaure, kullum na dawo sai ta zuba turare ta ce in tsaya a kai.

"Dela, ke ma?"

"Ni ban ce akwai ba, ban ce babu ba. Ɗaga rigar."

"Kin san Ɗangoggo. Kin san bakinsa."

"Na san shi. Na kuma san wuyanka da. Dubi yadda ya koma kamar na zakaran da ya sha ruwan sama. Mi ka ɗauko musu?"

"Ban ɗauki komi ba."

"To ka tuna dai. In ma biro ne ka maida."

Damina ta yi nisa, hatsi ya fitar da kai, ya fara nuna. Kowace safiya ina wuce gonaki ina jin haushinsu, ni kaɗai a duk ƙasar nan nake roƙon kaka ta yi jinkiri. Wasu matasa har sun fara zuwa suna auna filin da ido daga tsallaken hanya, suna nuna inda kowa zai kafa shagonsa.

Ana cikin haka wata rana na ji sallama. Hajiya Azara ce, shugabar asusun matan unguwar. Iyayenta makiyaya ne da fari ya zaunar da su a gari, ita kuma ta tsufa tana saye da sayar da hatsi. Ƴaƴanta uku sun bi ta ajina, babu wanda ya fita da abin kirki, amma ba ta taɓa riƙe ni da wannan ba. Ta tsaya taku kaɗan daga bakin ƙofa.

"Bismilla, Hajiya, shigo. Akwai sanyi."

"Nan ma lafiya lau. Fito dai, Mushe, magana gare ni."

Na fito da kujerar na ba ta, na tsuguna.

"An ce kana yawo kana cewa babu kowa a ɗakin nan."

"Babu kowa, Hajiya."

"To ka daina."

Na gyara tsuguno ina jiran sauran.

Ta ce asusunsu yana da bankin cimaka. Da kaka suna sayen hatsi da wake su ajiye, in bazara ta yi tsanani su sayar wa junansu da sauƙi. Shekara uku ke nan suna yi, kuma ba su taɓa kai wa bazara da rabin abin da suka ajiye ba.

"Ɓarayi?" na ce.

"Da ɓarayi ne ai da sauƙi, sai mu sayi kwaɗo babba. Mazanmu ne. A ɗakina muke ajiya. Wannan ya zo, Hajiya a ba ni tiya biyu, baƙi na yi, gobe in maido. Wancan ya zo, matata na da rabo a ciki, nata zan ɗauka. Ƙanen mijina ya zo, ɗan yayata ya zo. Wa zan hana? In na hana, a ce Azara ta yi arziki ta manta dangi. Muka mai da ajiyar gidan Uwa, ɗaya daga cikin matan asusu, ita ma mijinta ya biya sadakin ƙanensa da wakenmu."

"Allah shi kyauta."

"Ya kyauta ai. Ga ɗaki mai sanyi, ƙwari ba su son shi, ga mai gadi wanda ba shi da dangi a garin nan. Mi ya fi wannan? Muna so. Amma in ka kore shi, ba mu so, gara ɗakina, ko ba komi yana kusa."

Na dube ta da kyau. Fuskarta ba ta nuna komi ba.

"Hajiya, ke kin yarda akwai shi?"

"Ni tsohuwa ce, Mushe, ba a tambayata irin wannan. Mijin Uwa ya yarda. Shi nake bukata."

"To in ba ku shiga, wa zai jera buhunan? Wa zai auna muku in bazara ta yi?"

Ta dube ni daga sama har ƙasa, kamar tana taya rago. "Ai kun saba da juna."

Na ce ni ma'aikacin meri ne, shugaban kwamiti. Ta ce ta sani, shi ya sa ba za a zarge ni da son kai ba. Na ce bayana ba shi da lafiya. Ta ce za su riƙa aiko mini da fura, za a ajiye a gindin wancan icen, in je in ɗauka.

A taron majalisa na gaba aka sa maganar. Zauren ya cika, don matan asusu sun zo da yawa, mazansu kuma sun biyo su su ji inda za a kai hatsin. Suka tsaya a baya, jikin tagogi. Na hango mijin Uwa a cikinsu, dogo, da hula a karkace. Na karanta buƙatar matan. Alhaji Saminu ya saurara har ƙarshe, ya ce shi ba shi da ja, alkawari ya yi. Sannan ya gyara zama.

"Abu ɗaya nake so a fayyace, don kada gobe a ce majalisa ta tura mata cikin haɗari. Mushe, kai ka zauna a wurin nan duk damina. Kai malami ne, ka koyar da rabin mutanen da ke ɗakin nan, har da ni ka taɓa yi wa bulala. Ka faɗa mana gaban kowa. Akwai wani abu a mangazar nan, ko babu?"

Ba da mugunta ya yi ba. Ina jin ma so yake ya taimake ni, ya ba ni dandalin da na yi wata da watanni ina nema. Ga jama'a, ga shiru, ga tambayar da na daɗe ina roƙon a yi mini. In na ce babu, watakila wannan karon su yarda, mazan da ke jikin taga su yi murmushi, Hajiya Azara ta tattara matanta, a kawo masu rushewa bayan girbi. In na ce akwai, to ni ne mutumin da ya shekara ashirin yana koya wa yara cewa ba kowace ƙara ce aljani ba, wata iska ce ta bi ta kafar taga.

Na nemi Ɗangoggo da ido. Yana can ƙarshen benci, ya sa hula ya rufe fuska.

Na gyara murya, abin da ya rage daga cikinta.

"Alhaji, ni dai ban taɓa ɗaukar komi a wurin ba."

"Ba wannan na tambaya ba."

"Kuma ba na shiga sai na yi sallama."

Wata mata ta ce a'uzubillahi a hankali. Alhaji Saminu ya daɗe yana dubana, irin duban da nake yi wa yaro in ya ba ni amsar da ba daidai ba ce amma ba ta da wurin bugu.

"Ana amsawa?" ya ce.

Na yi shiru na dubi ƙasa.

Aka ba mata mangazar, hannu ɗaya bai tashi a kan ƙi ba. A bakin ƙofa wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake aikin jinya, ya zo ya gaishe ni. Ya riƙe hannuna ya daɗe, yana kallona da tausayi. Na fi son da zagina ya yi.

Da aka yi girbi amalanke suka fara zuwa. Masu su suna sauke buhuna a bakin ƙofa su ja da baya. Na roƙi Ɗangoggo ya taimaka, ya ce zai kama mini daga waje, ni in ja daga ciki, iyakarsa dokin ƙofa. Haka muka yi ta yi har ɗakin ya cika rabi, yana turowa yana ba ni shawara a kan yadda ake ɗaga kaya. Hajiya Azara tana zaune a inuwa tana nuna wanda za a sa a dama da wanda za a sa a hagu, ba tare da ta ga damar ko hagun ba. Da yamma Dela ta gasa mini baya da ruwan zafi, bayan na tsaya a kan turare.

Yanzu wurin yana warin hatsi. Kafin damina matan suka yi gayya suka yi wa bangon waje yaɓe da hannunsu, suna waƙa, sun ce waje ba na Mai-Kilo ba ne. Na ciki ni na yi, bai yi kyau ba, amma ba mai gani.

Ran nan da tsakar rana, bazara ta fara cizo, ina zaune sai na ji sallama can nesa. Mijin Uwa ne, da ɗan buhu a naɗe a hammata. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya ce na ɗan murmure. Sannan ya ce baƙi ya yi daga Ɗan Gulbi, tiya biyu kawai yake so cikin rabon matarsa, jibi ya maido.

"Ba ni da ikon bayarwa," na ce. "Amma ƙofa a buɗe take. Ga na Uwa can a lungu, shiga ka ɗiba."

Ya matso kaɗan. Ya leƙa cikin duhun, ya dubi buhunan, ya dubi sama wajen azara. Ya daɗe a tsaye.

"Yana nan?" ya ce a hankali.

"Ni dai yanzu na zo."

Ya gyara buhun a hammatarsa, ya ce bari ya gwada wajen ƙanensa tukuna, in bai samu ba ya dawo. Na ce Allah shi ba da sa'a. Na bi shi da ido har ya sha kwana, sannan na tashi a hankali, hannu a ƙugu, na tafi gindin icen in ga ko an kawo furar.